Kafin Ku Naɗa Ta Magajiya, Ku Ji Yadda Memuna Ta Ƙare

Zuwa ga Baba Mai Unguwa, da Malam Liman, da sauran iyayenmu dattawa masu zama a rumfar masallacin layinmu, a nan Maamobi, cikin Ankara, babban birnin Gana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ta kamaci 'ya ga iyayenta, ina fata kuna lafiya ku da iyalanku. Ya jama'a, ya haƙuri da mu? Allah ya ƙara girma, ya sa ku gama lafiya.

Sunana Adiza tela, mai keke a bakin hanyar da ta gangara babbar gwata, magudanar ruwan unguwa. Ni 'yar marigayi Garba mai goro ce. Da yawanku kun ci goronsa, wasunku ma su suka ɗauki makararsa. Na faɗi haka ne don ku san ba baƙuwa ke magana ba, kuma ba wadda ta rasa tarbiyya ba. Na sha durƙusawa a gabanku kan wannan magana, murya ƙasa ƙasa, kamar yadda aka koya mana. Bai yi amfani ba. Shi ya sa yau na rubuta ta a buɗe, don duk mai iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abin da ya tashe ni shi ne sanarwar da aka yi cewa bayan Sallah za ku naɗa Hajiya a matsayin Magajiyar matan unguwa. Ba zan kira sunanta ba. Kun san ta, kun san gidan benen, kun san shagon atamfa. Kafin a yi naɗin, ina roƙo ku saurari labarin ƙanwata daga farko har ƙarshe, domin ba a taɓa bari na kai shi ƙarshe ba.

Na farko, ku tuna wace ce Memuna.

Tun da ta rasu ba na jin an kira sunanta sai an haɗa da wata kalma da ba zan rubuta ba. To kafin wannan kalma, Memuna ita ce mai wake da shinkafa a kwanar masallaci, wadda direbobin torotoro, motocin haya, ke tsayawa da fasinja a ciki su sauka su saya. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, ni na goya ta. Ba ta da yawan magana, amma idan abu ya ba ta dariya sai ta zauna a ƙasa. Mijinta Issaka makaniki ne. Ya tafi Legas neman aiki lokacin da kowa ke tafiya, ya bar ta da ciki. Da aka koro mutanenmu daga can ya dawo a jirgin ruwa, ba komai sai rigar jikinsa da tari a ƙirji. Bai ga yayen 'yarsa Fati ba.

Wannan ita ce shekarar yunwa, ba sai na ba ku labarinta ba. Gonaki sun ƙone, ruwa ya ƙi. Mutane na layi su sayi dokunu, wato tuwon ƙullun masara, ɗanye su kai gida su dafa da kansu, don idan aka jira ya nuna ba za a samu ba. Wake ya gagara, shinkafa ta zama labari, tukunyar Memuna ta kife. Ni ma ba mai kawo ɗinki. Muka taru a ɗaki ɗaya na haya, Mma uwarmu da ni da Memuna da jaririya, ƙasusuwan wuyanmu duk a waje. Nonon Memuna ya ɗauke, yarinya na kuka har muryarta ta dishe.

A wannan hali Hajiya ta shigo gidanmu da ƙafarta. Mace mai zinariya a hannu ta sunkuya ta shiga ɗakinmu, ta zauna a tabarmarmu, ta ɗauki Fati ta rungume. Ta sa aka sauke mana shinkafa da gwangwanin madara. Mma ta yi kuka don godiya. Sai da ta zo sau da yawa kafin ta kawo maganar. Ta ce tana da gidan sayar da abinci a Abijan, inda 'yan Gana ke da yawa suna marmarin abincin gida, ta ce tana neman mai hannu irin na Memuna. Za a ba ta ɗaki, za a ba ta albashi da kuɗin can mai daraja, bayan shekara ta dawo da jari ta sake ɗora tukunyarta.

Daga baya na zauna na tuna waɗanda ta ɗiba a tafiyar. Memuna, wadda mijinta ya rasu kuma ba ta da ɗan'uwa namiji. Wata yarinya 'yar arewacin ƙasar nan mai dako a kasuwa, wadda ke kwana a barandar shaguna, ba wanda ya san ko sunan garinsu. Wata sakakkiya daga unguwar Nima da aka kora da 'ya'ya, tana wanki a gidajen mutane. Babu 'yar mai gida a ciki, babu 'yar malami, babu wadda ke da wa soja ko ɗan sanda. A shekarar nan kowa na jin yunwa, iyayena, amma ba kowa Hajiya ta yi wa tayi ba. Ta zaɓi waɗanda idan sun ɓata ba mai ƙarfin da zai tambaya.

Na biyu, kuma wannan ya shafe ku kai tsaye.

Mma ba ta saki 'yarta haka kawai ba. Ta ɗaura mayafi ta zo wurinka, Baba Mai Unguwa, ina biye da ita. Ta ce maka ba ta da miji, ba ta da ɗa namiji, kai ne ubanmu, ka duba mata ko tafiyar nan alheri ce. Ina tuna amsarka kamar yanzu aka faɗa. Ka ce, "Hajiya tamu ce, mun san ta. Ku bar yarinya ta je ta nemi halalinta." Malam Liman ya yi addu'a, muka shafa. A kan maganarku Mma ta karɓi Fati ta goya, Memuna ta ɗaure 'yan kayanta, har da ludayinta da wuƙar yankan albasa, don ta ce ba ta jin daɗin girki da kayan wani.

Ban ce a ranar kun san abin da ke can ba. Na yarda ba ku sani ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ba wanda ya tambaya. Ba wanda ya ce wa Hajiya, ina sunan unguwar, wa ya taɓa cin abinci a gidan, ina waɗanda kika kai bara? Direbobinmu na bin hanyar nan kowane mako. Da an kira ɗaya an tambaye shi, da wataƙila yau ƙanwata na kwanar masallaci tana zuba wa mutane wake.

Na uku, ranar da na kawo muku labari.

A watannin farko Hajiya kan dawo ta kawo mana sabulu, wani lokaci turmin atamfa, ta ce daga Memuna ne, tana lafiya, har ta yi ƙiba. Idan muka ce yaushe za ta zo, sai ta ce aiki ya yi yawa. Shekara ta wuce, wata ta biyo. Sabulun ma ya daina zuwa. Mma kan je ƙofar gidan benen ta zauna har rana ta yi tsaka, a ce mata Hajiya na hutawa.

Sai wata rana Baba Seidu, direban babbar motar kaya, wanda ya yi abota da mahaifinmu, ya tsaya a gaban kekena. Ya daɗe yana gaisuwa, yana duban ƙasa. Da ƙyar ya faɗa. Ya ce motarsa ta lalace a wata unguwa a Abijan, yana neman makaniki ya bi ta wani lungu mai jerin ɗakunan katako, kowanne da labule a ƙofa da mace zaune a kan kujera. Ya ce ya ga Memuna a cikinsu. Ta gan shi, ta rufe fuska da zane ta shige ciki. Da ya matsa zai yi magana, wani ƙato ya tare shi. Ya tambayi mutanen wurin ina gidan abincin Hajiya, suka yi masa dariya.

Ban ko rufe keken ba na taho wurinku. Kun tuna abin da ya biyo baya. Aka kira Hajiya. Ta zo da mutanenta, ta yi kuka, ta yi rantsuwa, ta ce ita ta kai yarinya girki, idan yarinya ta ga birni ta lalace ba laifinta ba ne. Ta ce wannan shi ne sakayyar mai taimakon talaka. Baba Seidu yana hanya, na ce a jira ya dawo ya yi shaida, aka ce maganar direba ba abin kamawa ba ce. Aka ce kada mu ɓata sunan unguwa, kada maƙwabtanmu waɗanda ba Musulmi ba su ji su ce ga abin da 'yan Zongo, unguwannin Musulmi, ke yi. Ƙarshe ni aka sa na durƙusa na ba Hajiya haƙuri a gaban jama'a. Na durƙusa, domin ku kuka ce, kuma domin ina tsoron abin da za a yi wa ƙanwata a can idan na ƙi.

Na je wurin hukuma ma. Wanda na samu ya tambaye ni ko ɗaure ta aka yi aka sa a mota. Na ce a'a. Ya ce to babbar mace ce, da ƙafarta ta tafi, kuma abin a wata ƙasa yake. Ya juya ga na bayana.

Daga ranar Mma ba ta ƙara zama daidai ba. Ta daina zuwa suna da biki. Idan ta ji ƙarar babbar mota sai ta fito bakin hanya da Fati a hannu.

Na huɗu, yadda ta dawo da abin da ta gaya mini.

Fati ta riga ta shiga makarantar boko lokacin da uwarta ta dawo. Da hantsi aka sauke ta daga bayan motar kaya, a kan buhuna. Da ban ji muryarta ba da ban gane ta ba. Memuna mai jiki ta koma kamar sanda, gashinta ya zube, fatarta duk ƙuraje, tana tari irin wanda ya kashe mijinta. Ba akwati, ba jari, sai leda ɗaya a hannu. A asibiti suka kira ni gefe suka faɗi sunan ciwon, wanda a lokacin aka fara maganarsa a rediyo, mai ƙanjamar da mutum, wanda ba shi da magani.

Ba a rana ɗaya ta ba ni labarin ba. Kaɗan kaɗan take faɗa, yawanci idan ina shafa mata mai a baya, lokacin da ba ta ganin fuskata. Zan rubuta abin da zai rubutu.

Ta ce tun a kan iyaka Hajiya ta karɓe takardunsu ta ce za ta adana. Da suka isa, ta miƙa su ga wata mata, ta ce gobe za ta zo ta kai su gidan abincin. Ba ta zo ba. Matar ta tara su ta ce an biya kuɗi a kansu, kuɗin mota, kuɗin hanya, har shinkafar da aka sauke wa Mma an lissafa. Ta ce ba mai fita sai ta biya, kuma hanyar biya ɗaya ce. Memuna ta ce ita girki ta zo yi, ta fito da ludayinta ta nuna. Aka kulle ta a ɗaki ba ci, sai ruwa. Da ta ci gaba da ƙi aka turo mata ƙaton nan. Abin da ya yi mata ba zan sa a takardar da za a karanta a gaban iyaye ba. Bayan haka ba ta sake ƙi ba.

Na tambaye ta me ya hana ta gudu. Ba don in zarge ta ba, don na san za ku tambaya. Ta ce ina za ta nufa? Ba ta jin Faransanci, ba takarda, ba ko sisi, don kuɗin ba ya kwana a hannunta. 'Yan sandan wurin su ma suna shiga ɗakunan. An yanki gashinsu da farcensu an kai wa boka, an ce duk wadda ta gudu za ta haukace. Wannan bai tsorata ta sosai ba. Abin da ya ɗaure ta shi ne duk lokacin da Hajiya ta zo karɓar rabonta, sai ta kira ta gefe ta ba ta labarin Fati. Ta ce ta gan ta, ta fara tafiya, ta ce tana wasa a bakin gwata ita kaɗai, gwatar kuwa na cin yara idan aka yi ruwa. Tana faɗa tana murmushi. Memuna ta gane.

Bashin kuma ba ya ƙarewa. Idan an ce ya kusa, sai a ƙara kuɗin ɗaki, kuɗin magani, kuɗin zanen da aka tilasta mata saye. Yarinyar nan 'yar arewa mai dako ta mutu a can, wajen zubar da cikin da aka sa ta zubar. Memuna ce ta riƙe mata kai har ta cika. Har yau iyayenta, idan suna raye, suna tsammanin tana Ankara tana dako. Sakakkiyar Nima an sayar da ita gaba zuwa wani gari, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. 'Ya'yanta na nan, sun girma a hannun mutane, kuna ganinsu.

Da ciwo ya kama Memuna, maza suka daina shiga ɗakinta, sai aka fitar da kayanta waje aka sa wata sabuwa. Matan lungun, waɗanda ake kira da sunan da ake kiran ƙanwata, su suka tara abin da suka ɓoye suka biya mata mota. Su kaɗai suka ji tausayinta a duk tsawon shekarun nan.

Na biyar, yadda unguwa ta karɓe ta.

Na san mutane sun ji tsoron ciwon, ba mu san kansa ba a lokacin. Ba na riƙe da kowa kan tsoro. Amma abin ya wuce tsoro. Mata suka daina tsayawa kusa da ni a fanfo. Masu ɗinki suka zo suka karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. Mai gidan haya ya ce mu nemi wani wuri, sai da Mma ta kama ƙafarsa. Yara na leƙowa ta taga suna waƙa. A duk watannin da ta kwanta, ba dattijo ɗaya da ya taka ƙofarmu ya ce ya jiki, alhali daga rumfarku ana hango rufin ɗakinmu.

Abin da ya fi yi mata ciwo Fati ce. Yarinyar ba ta san ta ba, Mma take kira uwa. Takan tsaya a bakin ƙofa tana kallonta kamar baƙuwa. Memuna ta hana mu matsa mata, ta kuma hana ta zama a shimfiɗarta don tsoron kada ta shafa mata, ko da yake a asibiti sun ce ba a ɗauka ta haka. Sai dai idan yarinyar na cin abinci ta juyo da kai tana kallo har ta gama. Wata rana da ta ɗan ji ƙarfi ta ce a kai ta bakin murhu, ta zauna a kujera tana gaya mini yadda zan yi, sai da aka dafa wake da shinkafa irin nata, da karan dawa don ya yi ja. Ita ba ta iya haɗiye ko loma ba. Fati ta cinye ta ce a ƙara. Wannan ce rana ɗaya da na ga ƙanwata ta yi dariya bayan dawowarta.

Ana saura kwana kaɗan ta cika, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, idan na tafi ki gaya musu girki na tafi yi. Ki gaya wa Baba Mai Unguwa, shi ya san da abin da na tafi."

Na zo in gaya maka a lokacin, aka ce kana da baƙi. To yau na isar da saƙon.

Da ta rasu, matan da ke wankan gawa suka aiko cewa ba su da lafiya. Ni da Mma muka wanke ta, tsohuwa na zuba ruwa, tana wanke 'yar da ta haifa. Likkafanin ni na ɗinka. Muka jira maza tun safe har azahar ta wuce. Malam Liman ya zo daga ƙarshe, Allah ya saka masa, amma sahun bai cika ba. Baba Seidu da yaran motarsa su suka ɗauki makara. Ina daga cikin gida na ji wani a waje yana cewa ta mutu da abin da ta je nema. A Juma'ar makon da ta rasu aka shimfiɗa sababbin dardumai da Hajiya ta saya wa masallaci, aka kira sunan Hajiya a lasifika aka sa mata albarka. Mma na kwance a ɗaki tana ji. Ta juya fuskarta bango. Ba ta kai azumin shekarar ba.

Na shida, abin da ke faruwa yanzu.

Da abin ya tsaya a kan Memuna, da na yi shiru na bar wa Allah, domin magana ba za ta tashe ta ba. Amma Hajiya ba ta daina ba, hanya kawai ta sake. Yanzu ba a cewa Abijan, tunda mutane sun fara ganin yadda ake dawowa daga can. Yanzu Turai ake cewa, aikin renon yara da gyaran gashi. Tun watan jiya tana shiga gidan Mma Azara mai koko, wadda mijinta ya makance. 'Ya'yanta biyu, Ramatu da Asana, an riga an ɗauke su hoto. An ce bayan naɗi za su tashi, ta Lome za a fara bi.

Na je na sami Mma Azara na ba ta labarin nan duka, abin da na rubuta da wanda ban rubuta ba. Ta saurara har na gama, hawaye na zuba. Ba ta ƙaryata ni ba. Ta ce mai gidan haya ya ba su wa'adi, maganin mijinta ya ƙare, kokon ba ya ciyar da su. Sannan ta ce, "To Adiza, in na hana su, me zan ba su su ci? Kuma in da mugun abu ne, ai dattawa ba za su ba ta sarauta ba."

Kun ji dai da kunnenku abin da naɗin nan zai zama. Duk uwar da ke shakka, shakkarta za ta kwanta. Sarautar da za ku ba ta, da ita za ta riƙa buɗe ƙofofin da a da sai ta yi wata tana ƙwanƙwasawa.

Ga abin da nake roƙo, kuma ina roƙo ne a durƙushe.

Ku dakatar da naɗin har a bincika. Baba Seidu na nan da ransa, ya tsufa amma hankalinsa ƙalau, kuma ya ce zai yi magana a gaban kowa. Akwai wasu mata a unguwannin Kotobabi da Alajo da suka dawo da rai. Kunya ta rufe musu baki, amma idan kuka sa matanku dattijai su same su a asirce, ba a rumfa ba, za su faɗa. Ku tambayi Hajiya sunan kowace mace da ta fitar daga unguwar nan, ta nuna inda kowacce take. Wanda ya kai mutane aikin halal ba ya rasa amsar wannan.

Ku kira Mma Azara kafin Sallah. Kada ku tsaya ga ce mata ta hana 'ya'yanta, ku duba abin da za ta ci. Zakka na fita a unguwar nan, ana tara kuɗi a yi fenti, a sayi lasifika. Abin da zai riƙe mace ɗaya a ɗakinta, ya ɗora mata tukunya, bai kai kuɗin darduma ba. Ni zan ɗauki Asana a kekena in koya mata ɗinki ba tare da an biya ni ba. A cikin masu shaguna a samu wanda zai ɗauki Ramatu.

Malam Liman, ana yi mana wa'azi kan mata masu yawo, mun ji kuma mun gode. Ina roƙo sau ɗaya a yi wa'azi kan masu sayar da su, da masu saye, da masu karɓar kyauta daga kuɗin ba tare da tambaya ba.

Roƙona na ƙarshe na Fati ne. Ta zama budurwa, tana hannuna, tana da natsuwa irin ta uwarta. An fara tambayar aurenta, kuma an fara raɗa a bayanta cewa a duba wace ce uwar. Baba Mai Unguwa, da bakinka aka sallami Memuna. Ina so da bakin nan naka, a gaban jama'a, ka faɗi cewa neman halali ta fita, cin amanarta aka yi. Ba diyya nake nema ba, ba kuma ina so a wulaƙanta kowa ba. Jimla ɗaya ce, amma daga wurinka za ta wanke yarinyar nan fiye da duk abin da ni zan faɗa har in mutu.

Idan na yi kaushin harshe a wani wuri, ku yafe mini, ciwo ne ya yi magana. Ban manta alherinku ba. Ku kuka binne mahaifinmu, ku kuke raba mu idan mun yi faɗa, ba mu da wasu iyayen sai ku. Da ban ɗauke ku da girma ba, da ban damu da shirunku ba. Allah ya ja kwananku, ya ba ku ikon faɗin gaskiya ko a kan wanda ke da hannu da shuni, ya tsare 'ya'yanku da jikokinku mata daga ganin abin da tamu ta gani. Allah ya jiƙan Memuna da Mma, ya jiƙan yarinyar nan 'yar arewa da ba mu san ko sunan ubanta ba balle mu kai ta'aziyya.

Idan kuka ga ba za ku iya ba, ni dai ranar da motar su Ramatu za ta tashi ina tasha. Ba ni da ikon sauke kowa daga mota, mace ce ni mai keken ɗinki. Zan tsaya a bakin ƙofar ne in faɗi abin da na sani da ƙarfi, ko za a ce na haukace. Ina fata idan na waiwaya in ga ɗaya daga cikinku tsaye a bayana.

Wassalam.

'Yarku,
Adiza tela,
Maamobi.